Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano: an bar masu talla su ke koya mana abinda zamu ci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da aiki, ya ƙoƙari, ya jama'a? Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya sa ka gama lafiya.

Ni matar aure ce a nan cikin Kano, uwar yara, kuma ina ɗan koyarwa a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu da yamma. Wannan wasiƙar ba tawa bace ni kaɗai, na rubuta ta ne a madadin matan da muke zama tare, mu da muke tsaye a gaban murhu kullum, mu ne muke zuba gishiri, mu ke jefa magi, mu ke dama kunun yaye, mu ke dafa wa tsohuwar da likita ya ce tana da suga da maigidan da aka ce jininsa ya hau. Duk abinda zai shiga cikin mutanen gida ta hannunmu yake bi, amma wallahi babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausar da muke ji cewa ga yadda za a yi. Waɗanda suke mana bayanin kullum safe da yamma, a rediyo, a lasifikar mota, a TikTok da WhatsApp, masu neman kuɗinmu ne. Wannan shi ne ƙorafinmu, kuma zan ɗan warware shi dan ka ga inda yake mana ciwo.

Na farko maganar gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa har da wanda yake ɓoye a cikin burodi da indomi da yajin tsire da kifin gwangwani. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Toh ranka ya daɗe ka shigo kicin ɗinmu ka gani, tukunyar miya ɗaya za a jefa mata dunƙule biyar ko shida, a kawo farin magi a barbaɗa, a zuba garin kayan ɗanɗano na leda, sannan a ɗauko gishirin kansa a ƙara, bayan an zuba abinci a faranti kuma ga yaji a gefe shi ma da nasa magin. Ba mugunta bace, haka muka ga ana yi, haka masu koyar da girki a waya suke nunawa, kuma in miya bata ji ba mace ce za a yi wa gori. Na tambayi ɗalibaina a aji wa ta san cewa magi gishiri ne, mafi yawansu suka ce su dai sun ɗauka in an rage gishiri aka ƙara magi an taimaki mai hawan jini. Mata da yawa haka suke yi wa mazajensu da iyayensu, da kyakkyawar niyya. Mun ji an ce gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar rage gishiri a 2025, to ina ta tsaya? Bata iso tsakar gidanmu ba. Alhali muna da daddawa, muna da citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da albasa da busasshen kifi, abubuwan da iyayenmu suka yi miyar kuka da su ta yi daɗi har ana lashe kwano, abinda ya rage kawai a fito a faɗa wa mata cewa a rinƙa janye hannu kaɗan kaɗan harshe zai saba cikin 'yan makonni.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe dan shi ya fi tayar min da hankali, shi ne masu sayar da maganin ƙiba da na rama da na "wanke ciki". Yarinya za a yi bikinta sai ƙawaye su ce ai kin rame, a kawo mata sha ka fashe daga kemis ba takardar likita ba komai. Waɗannan ƙwayoyin ko ruwan maganin, wasu na buɗe ciki ne da aka yi su dan masu ƙaiƙayi da mura, wasu kuma irin su dezametason ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi. Wanda ya daɗe yana shan sa fuskarsa za ta kumbura ta yi zagaye, ruwa ya taru a jiki, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta sauka, kuma in an tsaya da shi lokaci ɗaya ma wata matsalar ce. Akwai wata yarinya a cikin ɗalibaina, kafin aurenta kowa na yaba yadda ta yi "kyau" ta ciko, ba a yi nisa da biki ba aka fara zaryar asibiti da ita. Ban faɗi sunanta ba kuma ba zan faɗa ba, amma uwarta da bakinta ta ce min in rubuta, dan kar wata ta sake faɗawa.

Ɗaya ɓangaren kuma masu son rage tumbi. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa da hotuna biyu, na da da na yanzu, da yawansu ba komai bane a ciki sai ganye mai sa gudawa irin dangin filasko da abinda ke sa yawan fitsari. Mace za ta kwana tana zaryar banɗaki, sikeli ya nuna ta sauka, ta ɗauka kitse ne ya narke alhali ruwan jikinta ne ya tafi, in ta daina ya dawo, in ta ci gaba hanji ya saba har sai ta sha sannan za ta iya bayan gida. Ga masu cewa a sha ruwan zafi da lemon tsami da sassafe zai wanke hanta, ga masu cewa a daina cin tuwo da shinkafa gaba ɗaya a koma nama da ƙwai, shawarar da ko kuɗinta bamu da shi. Hanta da ƙoda Allah ya halicce su suna aikin tace jini da kansu, ba sa buƙatar garin leda ya wanke su, abinda suke buƙata kar a ɗora musu abinda ba a san me ke ciki ba. Ka fi ni sanin yadda layin wankin ƙoda yake a manyan asibitocinmu da abinda yake ci wa iyali, gida nawa aka sayar da fili da gona saboda shi.

Abinda ya fi ɓata min rai shi ne yadda suke ɗaga kwalba su ce ai ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Mutanenmu basu san cewa lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya, wadda take ƙarewa da harafin L, ba shaida bace cewa maganin yana warkarwa ba, har a jikin kwalbar ana rubuta cewa hukumar bata tantance iƙirarin da aka yi ba, amma da Turanci ne da ƙananan haruffa, wa zai karanta? Sai mutum ya hau rediyo ya sayi minti talatin ya ce maganinsa na raba mutum da ciwon suga har abada, da hawan jini, da basir, da sanyi, da rashin haihuwa, duk kwalba ɗaya. Ina da goggo da ta shekara tana shan maganin sugarta lafiya lau, ta ji irin wannan tallar ta ajiye na asibiti ta koma jiƙo da zuma, dan an ce mata zuma ba ta tayar da suga. Zuma waraka ce mun yi imani, amma zaƙi ne kuma tana ɗaga suga a jinin mai wannan ciwon. Goggon nan ƙaramin ciwo ta ji a ƙafa ya ƙi warkewa, har yanzu muna jinya. Ni ban raina maganin gargajiya ba, da shi muka tashi, kuma akwai masu sana'ar na gaskiya da su kansu suke ƙorafi kan 'yan damfarar da suka shigo musu. Amma a ce wa mara lafiya ya jefar da maganin likita, wannan wasa da rai ne.

Har a cikin shawarar da ake ganin ta kirki ce akwai ruɗani. Yau duk wanda aka ce yana da suga sai dangi su ce toh shikenan ya koma tuwon alkama da acca da wake, sai ka ga dattijo ya zauna gaban malmala uku ta tuwon alkama yana ci da kwanciyar hankali wai ai magani ne. Alkama ma hatsi ce, tana komawa suga a jiki kamar 'yan uwanta, yawan abinda aka zuba da abinda aka haɗa shi da shi ne abin lura. Acca kuma ta yi tsadar da talaka ba zai iya ba, sai mutum ya karaya ya ce shi dai ba zai iya abincin masu suga ba ya koma cin komai. Da za a ce masa ci tuwon dawarka ko na gero da ba a surfe shi tas ba, malmala ɗaya madaidaiciya, ka cika kwanon da miyar ganye, ka sa wake, ka rage fura mai suga da lemon kwalba, ka ɗan taka ƙafa bayan cin abinci, da ya iya. Wannan bayanin baya buƙatar kwangila, mutum ɗaya mai ilimi da makirfo yake buƙata.

Na uku yaranmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a faɗin ƙasar kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Wannan kafin a cire tallafin mai a 2023 kenan kayan abinci su yi tashin da suka yi. Na san talauci ne babban dalili, ba zan zo in ce wa uwar da bata da abin ɗorawa ta ci kayan marmari ba. Amma akwai gidajen da kuɗin da ake kashewa a biskit da alewa da lemon leda da indomi kullum zai sayi gwangwanin waken suya da ƙuli-ƙuli da ƙwai. Ana yaye yaro da koko tsararo, ruwa da gasara da suga, cikinsa ya cika amma jikinsa bai samu komai ba, alhali in aka soya gero da waken suya da gyaɗa aka niƙa tare, aka ɗan sa garin busasshen kifi ko na zogale, an gama. Har yanzu akwai kakannin da ke hana yaro ƙwai wai zai yi sata, akwai masu ɗura wa jariri ruwa da jiƙe-jiƙe kafin wata 6 saboda zafin gari, akwai masu lasa wa jinjiri zuma alhali likitoci sun hana kafin ya cika shekara 1. Mai ciki za ta ci abinci ta bi shi da shayi mai kauri nan take, bata san yana tare sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini ba, kuma bata san matsa lemon tsami a kwaɗon zogale ko rama yana taimaka wa jiki ya ja shi ba. Mu kanmu masu girkin mukan zabga kanwa a ganye mu bar shi a wuta har ya mutu dan ya yi laushi, amfanin ya tafi. Ranar awo da ranar rigakafi mata sukan cika asibitin unguwa maƙil suna zaune awa da awanni, wannan zaman da za a ɗora tukunya a gabansu a nuna musu da ya fi kowace takarda da ake mannawa a bango.

Sai maganar abinda muke sayowa a kasuwa, nan kam ko mace ta kai ƙwararriya babu yadda za ta yi. Bamu manta da 2021 ba lokacin da gurɓataccen garin lemo da ɗan tsami suka kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu. Waken da ake zuba wa fiya-fiya dan kar ya yi ƙwari, irin maganin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya tun 2015, su sun ƙi, mu muna ci. Ayaba da mangwaro da ake nunar da su da kabaid, manjan da ake zuba wa rini dan ya yi ja, man suya da ake juyawa har ya koma baƙi a bakin makarantun yaranmu, gyaɗa da masara da suka yi fumfuna aka niƙa aka ɓoye a cikin gari, wadda gubarta ke taɓa hanta. Kasuwannin Dawanau da Yankaba da 'Yan Lemo suna ciyar da mu da maƙwabtan ƙasashe, mafi yawan 'yan kasuwar mutanen kirki ne, wasu ma rashin sani ne ke sa su, shi ya sa muke ganin aikin wayar da kai da duba kaya ya kamata ya zama na kullum, ba sai an yi gawa ba.

Toh ranka ya daɗe ga abinda muke roƙo.

Muna roƙon ma'aikatarka ta ɗauki fili na dindindin a gidajen rediyo, ko sau ɗaya a mako, a lokacin da mata ke saurare wato hantsi ko bayan isha'i, a kawo masana abinci na asibitocinmu da jami'o'inmu su yi magana da Hausa, a buɗe waya mu yi tambaya. Kuma dan Allah a yi mana awo da abinda muka sani, ludayi, cokali, gwangwani, malmala, tafin hannu. In an ce giram 400 na ganye da kayan marmari a yini a nuna mana nawa kenan a kwanon sha. In an ce suga kar ya wuce cokalin shayi 12 a yini, ya fi kyau ma a tsaya a 6, a faɗa mana cewa gwangwanin lemon zaƙi ɗaya kan ɗauki wajen cokali 8 zuwa 9, kuma zoɓo da kunun aya da muke yi a gida ma in mun zabga suga duk ɗaya ne. A yanka bayanin gajere gajere a watsa a WhatsApp da TikTok, inda masu tallar suke, dan 'yan matanmu can suke.

Muna roƙon ku zauna da NAFDAC da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin da hukumar masu harhaɗa magunguna, a tsaya kan cewa duk wanda zai yi tallar magani sai an tantance abinda zai faɗa, kuma duk wanda ya ce yana warkar da suga ko hawan jini har abada, ko ya ce a daina maganin asibiti, a sauke shi. Motocin lasifika da ke yawo a unguwanni suna faɗar maganganun da ko kunnen yara bai kamata ya ji ba su ma a duba su. Kemis ɗin da ke sayar wa yarinya sha ka fashe ba takarda a ja masa kunne, in ya sake a rufe. A bamu lambar waya ɗaya mai aiki da za mu kira mu kai rahoto, wadda za a ɗauka.

Muna roƙon a mayar da nunin girki wani ɓangare na ranar awo da rigakafi a kowane asibitin matakin farko na ƙananan hukumomi 44, da kayan da ake samu a kasuwar garin, ba kayan kanti ba. A horar da ungozoma da malaman Islamiyya irina, mu muna da ajin a shirye, mata suna zuwa da ƙafarsu, abin koyarwar kawai muke nema wanda likita ya duba ya sa hannu. A rinƙa kawo awon jini da na suga kyauta ko da rahusa a kasuwanni da makarantun matan aure lokaci lokaci, dan da yawa basu san suna ɗauke da ciwon ba sai ranar da suka faɗi.

Kuma kar a bar maza a baya, wannan matan ajinmu sun ce lallai in rubuta shi. Mu muke girki amma maigida ke cefane, shi ke yanke abinda za a sayo, shi ke cewa miya bata ji magi ba, shi ke shigowa da lemon kwalba da daddare yana ganin gata ya yi wa yara, wani kuma ya tsaya wajen mai shayi ko mai tsire ya ci ƙwai da nama ya bar gida da tuwo da miya tsurarta. In mace ta ce a sayo alayyahu da wake a rage taliya sai a ce ta cika iyayi. Ku kai wannan maganar ga limamai su sa ta a huɗuba, ku kai ta majalisun unguwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu adaidaita, masu unguwanni da dagatai su ji daga bakinku. Addininmu ya riga ya hana almubazzaranci a ci da sha, malamai ba za su rasa abin faɗa ba in kun basu bayanin lafiyar.

Akwai harajin naira 10 a kowace lita da gwamnatin tarayya ta sa wa lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Mun san ba a hannunka yake ba, amma kana zama da takwarorinka na sauran jihohi da ministan lafiya, muna roƙon ka ɗaga murya a ware wani abu daga ciki a yi irin wannan aikin da shi, tunda da sunan lafiyarmu ake karɓa.

Ranka ya daɗe ba mu ce ba a komai ba, muna ganin ma'aikatan lafiya na unguwa yadda suke fama da cunkoso da ƙarancin kayan aiki, Allah ya saka musu. Muna so ne a fara da abu ɗaya da za mu gani da idonmu kafin azumi mai zuwa, dan lokacin ne soye-soye da zaƙi da tallar magani suke ninkuwa, masu suga da hawan jini kuma suke rasa wanda zai faɗa musu yadda za su yi sahur da buɗa baki da shan maganinsu. In ma'aikatarka ta shirya turo mai bayani, ajinmu a buɗe yake, kuma za mu gayyato matan makarantun maƙwabta su zo su ji.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum.

Daga wata uwa kuma malamar Islamiyya, a madadin matan ajinta, Kano.